Tukunyar Auta a Shafin Misali

Gwada-mu-gani suke kiranta a layin masu kwafin takardu, kuma ba wanda ya zalunce ta da sunan, bakinta ne ya jawo mata. Ka ce mata injin kwafi ya mutu, ta ce a gwada a gani. Ka ce mata wannan tawadar ta fi waccan baƙi, ta ce miƙo takarda. Har likita ta taɓa faɗa wa haka, sai da ya cire tabarau ya ƙare mata kallo. Da sunan ya yi wa mutane tsawo suka gutsure shi ya koma Gwada, ita kuwa ta amsa abinta.

Aikin da ke ciyar da ita a wani ɗan shago yake, mai injin kwafi, da kwamfuta ɗaya, da fankar da ke kuka kamar ana murɗe mata wuya. Tana buga wa mutane takardu, tana fitar musu da hotuna daga waya. Amma in ka tambaye ta sana'arta, ba wannan za ta fara faɗa maka ba. Akwai wata 'yar manhaja a intanet, kyauta, a buɗe, kowa na iya ɗauka ya leƙa cikinta ya gyara. Abu ɗaya ta iya: a miƙa mata hoto, ta tona cikinsa ta karanto bayanan da waya ke ɓoyewa lokacin ɗauka, kamar ranar da aka ɗauke shi da irin wayar da ta ɗauka. Masu rubuta manyan manhajoji sukan ɗauke ta su dasa a cikin nasu aikin. Ba Gwada ce ta rubuta ta ba. Ita ce mai kula da shafinta da bayanin yadda ake amfani da ita, wato mai share gidan da nuna wa baƙi hanya.

Faɗa ne ya kai ta can. Wani dattijo ya taɓa kawo mata hotunan jikokinsa, yana so a buga ranar ɗauka a ƙasan kowanne. Ta nemo manhajar, ta bi misalin da ke shafinsu tiryan-tiryan, abu ya ƙi. Ta wuni tana zargin kanta, ashe misalin ne ya tsufa ba a gyara ba. Ta zauna ta rubuta musu saƙo mai yaji. Jagoran aikin, wanda take kira Mai-makulli don shi ke riƙe da rumbun da ake ajiye komai, ya amsa mata da layi ɗaya, ya ce tunda ta gano ramin, ta cike shi mana. Ta cike. Ta ga wani, ta cike. Shekaru ke nan, ba su taɓa ganin fuskar juna ba, yana can wata uwa duniya inda rana ke faɗuwa lokacin da tasu ke fitowa, amma ragamar shafin gaba ɗaya tana hannunta.

Dokoki biyu ta kafa, kuma a kansu ba ta da wasa. Ta farko, misali ba ya ƙarya. Don haka ta yi ta naci har aka haɗa wani tsari: duk lokacin da aka fitar da sabon zubin manhajar, na'ura da kanta za ta sake gwada kowane misali a kan hoton gwaji na gaske, ta manna sakamakon a shafi yadda ya fito, ba hannun mutum. Ta biyu, shafi ba ya mutuwa. Bayanin kowane tsohon zubi yana nan a inda yake, ko mutum ɗaya ne a duniya ke buƙatarsa. Maigidan shagonsu yakan ce da za ta riƙe masa rasit yadda take riƙe wa mutanen da ba ta sani ba shafi, da tuni ya sayi bene.

A gida kuwa, ba ta da kowa sai ƙanwarta Auta. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ita tana 'yar mitsitsiya, ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta makaranta, ita ta zauna a matsayin uwa ranar da Auta ta kawo wanda take so. Mai-kyamara ake ce masa, don sana'arsa ke nan, sanya kyamarorin tsaro a shaguna da gidaje. Mutum mai ladabi, ba ya gaishe da Gwada a tsaye. Yakan zo shago ya ja kujera ya ce, "Yaya, koya min abin nan naki," ita kuma daɗi ya cika ta, don a duk danginta shi kaɗai ya taɓa tambaya. Ta koya masa, har da yadda ake tona cikin hoto.

Sai daga baya aka ga inda ladabin ya dosa. Ya sa kyamara a ƙofar gidansa, ya sa a falo, ya sa har a inda Auta ke girki. Daga kallo aka koma tuhuma, daga tuhuma hannu ya fara tashi. Aure ya mutu a gaban shaidu, amma a zuciyarsa bai mutu ba. Auta ta ƙaura, ya gano ta. Ta sake ƙaura, ya sake ganowa, wannan karon har ya ɗauke 'yarsu daga hannun mai raino ya wuni da ita ba a san inda suke ba. Yarinyar sunan Gwada aka sa mata, shi ya sa ba ta kiranta da komai sai Takwara. Bayan wannan wunin ne Gwada ta samo musu ɗaki a can ƙarshen gari, a saman wani dogon bene mai tagogi barkatai, kuma duk duniya ita kaɗai ta san wurin. Auta ta sami aiki a gidan wanki da guga. Ta fara barci, ta fara ƙiba, har ta fara tsokanar mutane kamar da.

Daga gidan aurenta abu ɗaya ta fito da shi ban da 'yarta: wata shuɗiyar tukunyar shuka ta mahaifiyarsu, mai na'ana'a a ciki. Akwai tsaga a gefenta. Mai-kyamara ne ya taɓa jifa da ita, gari na wayewa ya zauna ya liƙe ta da gam, abin da ya ɗauka ban haƙuri ke nan.

To, a wani zuwa da Gwada ta yi ɗakin Auta, ana buƙatar sabon hoton gwaji a shafi. Al'adar masu irin wannan aiki ce ba sa ɗaukar hoton wani, gudun rigimar mai shi, kowa nasa yake ɗauka. Ta ga tukunyar a bakin taga, hasken rana ya zauna mata, ta ɗauka. Ta duba da kyau: tukunya, dakalin taga, sai sarari. Ba fuska, ba titi, ba allon shago. Ta sa shi a misalin farko, wanda ke cewa a karanto duk abin da ke cikin hoto, na'ura ta fitar da rana da irin waya, iyakar abin da manhajar ta iya a lokacin ke nan. Watanni suka shige, hoton ya bi kowane zubi ya zauna.

Ranar da abin ya faru, ta buɗe shago da wuri, ta kunna kwamfuta, ta ajiye kofin shayi a gefe. An fitar da sabon zubi kwanan nan, tana so ta zaga shafin kamar yadda mai gona ke zaga gonarsa. A ƙarƙashin hoton tukunyar sai ta ga layi biyu da ba ta san su ba, lambobi ne dogaye. Ta yi murmushi. Ta tuna Mai-makulli ya daɗe yana cewa zai koya wa manhajar karanta wurin da aka tsaya aka ɗauki hoto, ashe ya gama. Hali zanen dutse, ta kwafi lambobin ta zuba a taswira don ta gwada ta gani.

Taswira ta juya, ta matso, ta matso, alamar ta sauka a kan rufin benen su Auta.

Ashe ranar da ta ɗauki hoton, wayarta ta rubuta wurin a cikinsa, yana nan kwance tun tuni, manhajar ce ba ta iya karanta shi ba. Yanzu ta iya, kuma tsarin da Gwada ta yi ta faɗa a kansa ya yi aikinsa tsaf, ya manna gaskiya a shafin farko inda kowane baƙo ke fara sauka.

Ta buɗe akwatin tambayoyi na shafin. Cikin saƙonnin baƙi da harsunan nesa akwai guda ɗaya da harshen gida, abin da ba ta taɓa gani ba a wurin. Ba suna, ba hoto. An rubuta: "Sannu da aiki, Yaya. Ashe gam ɗin ya riƙe."

Tun da asuba aka aiko shi. Garin da Mai-kyamara yake zaune tafiyar rabin wuni ce a mota, rana kuwa ta riga ta ɗaga.

Ta kira Auta, waya a kashe. Haka dokar gidan wankin take, ana shiga ake ajiye wayoyi a aljihun tebur. Ta sake kira, kamar kira na biyu zai kunna ta. Ta rubuta wa Mai-makulli cewa hoton gwaji na ɗauke da adireshin wadda ake nema da sharri, a cire shi daga rumbu, amma ta san a can dare ne, mutumin yana barcinsa. Abin da ba ta sani ba shi ne ko Mai-kyamara ya lura da lambobin, ko tukunyar kawai ya gane. In bai lura ba tukuna, kowane minti da shafin ke buɗe kyauta ce take ba shi. Ta fara cire hoton daga shafin farko, sai ta tuna yana cikin bayanin tsohon zubi, da wanda ke bayansa, da na bayan wancan, kowanne da maɓallin saukewa a ƙarƙashinsa, duk a raye, don ita ta hana su mutuwa.

Ba lokacin tsince-tsince. Akwai wuri ɗaya da in ta taɓa, gaba ɗaya shafin zai rufe. Tun da ta karɓi aikin bai taɓa rufewa ba, ko ranar da ta kwanta asibiti, kuma da wannan take taƙama. Ta taɓa. Ta sake buɗe adireshin, ta ga farin allo, ta ji kamar ta rufe ƙofa a fuskar baƙo.

Maigidan shago ya shigo ya tarar tana rataya jaka, ga mutum uku a tsaye da takardunsu.

"Ina kuma za ki, ga mutane?"

"Gida ba lafiya, Maigida."

Ya buɗe baki zai yi mitar da ya saba, ya dubi fuskarta, ya fasa. "Je ki. Allah ya sawwaƙe."

Bas ɗin ranar kamar da gayya yake tafiya. Ya tsaya ɗaukar mai buhu, ya tsaya sauke mai keke, kwandasta ya tsaya musu da wata mata a kan kujera. Wayarta kuwa sai ƙara take, saƙonni daga ƙasashen da ba ta san ko ina suke ba. Wani na cewa shafi ya mutu, ko an sani? Wani na cewa yana tsakiyar aiki. Wata ta tambaya cikin ladabi ko lafiya. Da wata rana ce da kowanne sai ta ba shi haƙuri da sunansa. Yau idonta na kan titi, duk farar motar da ta wuce da tsani a rufinta sai ta bi ta da kallo, don irinta Mai-kyamara yake ja.

Gidan wankin ya cika da tururi da ƙamshin sabulu. Auta na can ƙarshe tana goge wani farin zanen gado, tana ba abokiyar aikinta labari suna dariya. Tana hango yayarta dariyar ta tsaya, don Gwada ba ta zuwa nan, sun yi alkawarin haka. Ta jingine dutsen guga ta fito baranda.

"Yaya, waye ya mutu?"

"Ba kowa. Ya san inda kike. Ko ya kusa sani."

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta goge hannunta a jikin riga a hankali, ta ce, "Ta yaya?"

Nan ne Gwada ta so ƙasa ta tsage. Ta faɗa mata duka, hoton, lambobin, saƙon. Tana bayani tana jin yadda maganar ke fita da tsari, mataki bayan mataki, kamar tana rubuta wa baƙi, ta tsani bakinta.

"Tukunyar Inna," in ji Auta. "A shafinki."

"Ban san wayar ta rubuta wurin ba. Wallahi na duba hoton."

"Kin duba." Ta gyaɗa kai. "Bari in karɓo wayata."

Takwara tana wurin tsohuwar da ke ɗakin kusa da nasu, wadda suke kira Kaka, ita ke riƙe ta in Auta na aiki, kuma akwai makullin ɗakin Auta a hannunta. Gwada ta ce lambobin bene kawai za su nuna masa, ba ɗaki ba, tagogin kuwa da yawa, abin da zai nema shi ne tagar da ke da shuɗiyar tukunya. Auta ta kira tsohuwar. "Kaka, don Allah shiga ɗakina ki sauke tukunyar nan daga taga. Kar ki leƙa waje. Ki riƙe min yarinya a ciki, ko wa ya ƙwanƙwasa kar ki buɗe."

Suka tari tasi. Auta ta sa direba ya bi ta bayan layi, inda ake zubar da shara, suka sauka suka hau ta matakalar baya mai warin ruwan wanke-wanke. Kaka ta buɗe musu, Takwara ta ruga ta rungume ƙafafun Gwada tana tambayar me ta kawo mata. Ba ta kawo komai ba, karo na farko.

Tukunyar na ƙasa a tsakiyar ɗakin Auta. Gwada ta matsa jikin bango ta ɗaga gefen labule kaɗan. Farar motar na can ƙetaren titi, da tsaninta. Shi kuma yana tsaye gaban mai kanti, ya yi wanka tsaf, yana nuna masa fuskar waya. Mai kantin ya karkata kai, ya duba, ya ɗaga ido sama yana bin tagogi, sannan ya ɗaga hannu ya yi nuni. Bai nuna daidai ba, amma bai yi nisa ba.

"Yana nan," ta ce.

Auta ta riga ta shimfiɗa zani tana zuba kaya: takardun yarinya, magani, 'yan riguna. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ita ta saba, hannunta ya san abin da ake ɗauka da abin da ake bari. Matsalar ita ce layin baya yana fitowa ne ta gefen benen, daidai inda mai tsaye a bakin kanti zai ga duk wanda ya fito. Muddin yana titi, ba hanya.

Gwada ta sunkuya ta ɗauki tukunyar. Ta fi yadda take zato nauyi.

"Ina za ki da ita?"

"Zan shigo da shi ta gaba. In kin ji muryarmu a matakala, ku sauka ta baya. Kaka, ki tara min maza ko biyu ne a bakin ƙofa."

"Yaya, ba ki san shi ba."

"Na san shi. Ni na koya masa."

Ta sauka. Tana fitowa ƙofar gaba ya gan ta, ya ga abin da ke hannunta. Ya tsallako titi ba gaggawa, ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba.

"Yaya, ina wuni. Ashe kina kusa."

"Lafiya. Me ya kawo ka ƙofata?"

"Ƙofarki?"

"Nan nake zaune yanzu. Wadda kake nema ta daɗe da barin garin nan. Tukunyar ta bar min, ta ce ba ta son ganinta."

Ya yi murmushi, irin na wanda yaro ya yi wa wayo. "Yaya, ke fa ba ki iya ƙarya ba. Shi ya sa na yarda da shafinki. Ke kika ce min abin da ke wurin, na'ura ce ta faɗa, ba mutum ba." Ya miƙa yatsa ya shafa tsagar tukunyar. "'Yata kawai nake so in gani. Laifi ne?"

Ta ce, "To zo ka gwada ka gani."

Ta juya ta shiga, ta ji takunsa a bayanta. Ta hau a hankali, tana magana da ƙarfi yadda muryarta za ta kai sama, tana mitar matakala, tana mitar gwiwa. A hawa na farko ta tsaya ta sauke tukunyar ta huta. A na biyu ta ce dutse ya shiga takalminta. Yana tsaye a bayanta, tana jin numfashinsa, tana jin ƙamshin turarensa, ba ta san ko zai ture ta ya wuce ba. Can ta jiyo wata ƙofa ta yi ƙara a bayan benen, da wata 'yar murya da aka toshe da tafin hannu. Ta yi tari mai ƙarfi ta rufe ƙarar. Shi ma ya ɗan karkata kunne.

"Yaran maƙwabta," ta ce. "Ba sa barin mutum ya huta."

Da suka iso, ɗakin a buɗe yake. Gado, butar shayi, labule na motsi. Ya shiga ya tsaya a tsakiya yana juyawa a hankali, yana duban kusurwoyi kamar mai neman inda zai kafa kyamara. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin gado, ya fito da takalmin yarinya ƙafa ɗaya, ja, mai maɓalli. Ya riƙe shi a tafin hannu ya dube ta. Fuskar ladabin nan ta zame, ta ga abin da Auta ta shekara tana gani, tsoro ya kama ta har cikin ƙashi.

Ya yi taku ɗaya wajen ƙofa, ya tarar an cika ta. Kaka ce a gaba da sandarta, bayanta wani tela da tsumma a kafaɗa, da wani ƙato mai gyaran famfo, da matan hawan duka. Telan ne kawai ya ce, "Malam, lafiya?"

Mai-kyamara ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa takalmin a aljihu, ya gyara wuyan riga, ladabin ya dawo wurinsa. Da zai wuce ta ya rage murya. "Ba komai, Yaya. Kullum ina duba shafinki."

Sai da motar ta ɓace daga layin sannan ta zauna a bakin gadon da tukunyar a cinya.

Rana ta yi sanyi lokacin da wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, a bayan muryar ana jin hayaniyar tasha.

"Mun fita, Yaya. Tana lafiya, ta yi barci."

"Alhamdu lillahi. Wace mota kuka shiga? In kun isa zan zo in kawo sauran kayan, in nemo muku..."

"Yaya."

Auta ce ta katse ta.

"Kar ki tambaye ni inda za mu. Ba fushi nake ba, wallahi ba fushi nake ba. Ke kika raine ni. Amma ke komai naki a buɗe yake, haka Allah ya yi ki, shi kuma ya san ƙofar da zai riƙa tsayawa. Ni zan riƙa kiranki."

Gwada ta buɗe baki za ta ce za ta kiyaye, za ta bar aikin ma in ana so, amma ta san magana zarar bunu ce, kuma tata ta riga ta fita. Ta ce, "To. Ki shafa min kan Takwara."

Mai-makulli ya farka ya ga saƙo, bai yi mata tambayar banza ba. Ya tona rumbu ya cire hoton tun daga tushe, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya roƙi masu ajiye kwafi su ma su goge. Ya faɗa mata gaskiya, cewa waɗanda suka riga suka sauke, ba mai iya bin su gida-gida. Ta ce ta sani.

Ta dawo da shafin bayan kwanaki. Tsofaffin shafukan da ke ɗauke da hoton ta kashe su da hannunta, wanda ya bi adireshinsu sai ya tarar da 'yar sanarwa. Sabon hoton gwaji kuwa, ta je tsakiyar wani shataletale ta ɗauki sandar fitila, lambobin na nuna wurin da ba mai kwana. A saman misalin farko ta rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe, cewa hoto yana faɗin inda aka ɗauke shi ko da ba a ga komai a cikinsa ba, a duba kafin a saka. Wani baƙo ya rubuto ya ce gargaɗin ya cika tsawo, ya ɓata kyan shafin. Wannan ne saƙo na farko da ta taɓa gogewa ba ta amsa ba.

Tana nan a shagon har yanzu, in ka je za ka same ta. Tukunyar na kan kantar shagon kusa da injin kwafi, nesa da taga, na'ana'ar ta yi kore shar. Masu zuwa fitar da hoto sukan yi mamakin yadda take tsare su da tambaya, ko sun san abin da ke cikin hoton nan kafin su tura wa duniya. Auta takan kira, lamba ba ta zama ɗaya, ta ce Takwara ta yi tsawo, haƙorinta na gaba ya fita, ta fara karatu. Ran nan yarinyar ta karɓi wayar ta ce an yi mata sabon kitso, ko a turo mata hoto ta gani?

Gwada ta dafa kanta, ta rufe ido. Ta ce, "A'a, Takwara. Faɗa min da baki, na yarda."